Malamin Insha'i da Alƙalaminsa: Sharhi a Kan Tsarin Berkeley na Horar da Malaman Rubutu

1.0 Gabatarwa

A yawancin azuzuwan harshe, darasin insha'i yana tafiya ne bisa tsari guda wanda kowane ɗalibi ya sani. Malami zai rubuta take a allo, misali "Ranar Kasuwar Garinmu" ko "Amfanin Ilimi", ya ba da minti arba'in, ya karɓe takardu, bayan mako ɗaya ko biyu ya dawo da su cike da jan biro, da maki a saman shafi. A wannan tsari an jarraba ɗalibi, an kuma yanke masa hukunci, amma babu lokacin da aka zauna aka nuna masa yadda ake yin rubutun. Laifin ba na malami kaɗai ba ne, domin kuwa shi ma haka aka yi masa. Ya karanci nahawu da tsarin sauti da adabi a jami'a, ya rubuta kundin kammala karatu, amma da wuya a ce ya taɓa zama a wani kwas da aka keɓe domin koyon yadda ake koyar da rubutu.

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wani tsari da ya yi fice wajen cike wannan giɓi, wato shirin horar da malamai a matakin gaba da digirin farko wanda ya samo asali a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a ƙasar Amurka. Za a dubi asalin shirin da ra'in da ya rayu a cikinsa, a fito da inda ya dace da inda ya gaza, sannan a auna abin da mai shirin zama malamin Hausa zai iya ɗauka daga ciki. Batun ya ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da sabuwar dokar ƙasa ta Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Doka tana iya ɗaga matsayin harshe, amma samar da mutanen da za su iya rubuta rahoto da takardar koke da bayanin kimiyya a cikinsa aiki ne na malamai.

2.0 Asalin Shirin

A shekarar 1974 ne James Gray, wanda tsohon malamin Ingilishi ne a makarantar sakandare kafin ya koma sashen horar da malamai na jami'ar, ya kafa shirin da aka kira Bay Area Writing Project. Abin da ya jawo shi shi ne koken da jami'ar ta daɗe tana yi cewa ɗalibai da dama suna shigowa ba su iya rubutun da ake buƙata ba, har sai an sa su a ajin share fage. Koken bai tsaya a Berkeley ba, domin a watan Disamba na 1975 mujallar Newsweek ta yi babban labarinta a kan dalilin da ya sa yaran Amurka ba su iya rubutu ba. Abin da aka saba yi a irin wannan hali shi ne jami'a ta ɗora wa sakandare laifi, sakandare ta ɗora wa firamare, sannan a aiko da wani masani ya yi wa malamai lacca ta yini ɗaya ya koma. Gray ya ƙi bin wannan hanya. A ganinsa, a cikin makarantun da ake zargi akwai malaman da suka gano dabarun koyar da rubutu masu aiki, sai dai babu wanda ya taɓa tambayarsu.

Cikin ƴan shekaru shirin ya bazu zuwa wasu jami'o'i, ya zama National Writing Project. A 1991 ya fara samun kuɗi kai tsaye daga gwamnatin tarayyar Amurka, kuma a lokacin da ya fi bunƙasa yana da cibiyoyi kusan 200 a jihohin ƙasar 50, kowace tana zaune a cikin wata jami'a. A 2011 majalisar dokoki ta soke wannan kaso na kai tsaye, shirin ya koma neman tallafi ta hanyar gasa. Gray ya ba da tarihin shekarun farko a wani littafi da ya fitar a 2000, ya rasu a 2005.

2.1 Yadda Kwas Ɗin Yake Gudana

Ƙashin bayan shirin shi ne kwas na mako huɗu zuwa biyar da ake yi a lokacin dogon hutu, wanda jami'o'i da yawa suke lissafa shi cikin darussan digiri na biyu. Gayyatar malamai ake yi, tun daga na firamare har zuwa na jami'a, su zauna a ɗaki ɗaya a matsayin abokan aiki. Ayyuka uku ne ake yi:

(a) Kowane malami yana gabatar da wata dabara da ya gwada a ajinsa, ya sa sauran su yi aikin kamar su ne ɗalibai, ya nuna takardun ɗalibansa, sannan a tattauna a yi masa tambayoyi.

(b) Kowane malami yana yin rubutu nasa na kansa, ya karanta wa ƙaramin rukuni na abokan kwas, ya saurari ra'ayinsu, ya koma ya gyara.

(c) Ana karanta binciken masana a kan rubutu da koyar da shi, a gwama shi da abin da aka gani a aji.

Wanda ya kammala yakan koma makarantarsa ya ci gaba da koyarwa, kuma ana aika shi ya horar da wasu malaman. Ke nan tsarin ya tsaya a kan ginshiƙai biyu: malami ne ya fi dacewa ya koyar da malami, kuma dole mai koyar da rubutu ya kasance yana rubutu.

3.0 Ra'in Matakan Rubutu

Gray ya nace cewa shirin ba shi da wata hanyar koyarwa guda da ya wajabta wa kowa. Duk da haka, an haife shi ne a daidai lokacin da ra'in matakan rubutu yake tashe, kuma ta hannun malaman shirin ne wannan ra'i ya shiga azuzuwa da dama. Emig (1971) ta sa ɗalibai takwas na ajin ƙarshe na sakandare su riƙa faɗar abin da ke ransu a fili yayin da suke rubutu, ta gano cewa abin da suke yi ya sha bamban da tsarin da littattafan makaranta suke bayyanawa. Murray (1972), wanda ɗan jarida ne kafin ya zama malamin jami'a, ya yi kira da a koyar da rubutu a matsayin aiki mai matakai, wato shiri da daftari da gyara, har ya ƙiyasta cewa shiri kaɗai yana cin kusan kashi 85 cikin ɗari na lokacin marubuci. Flower da Hayes (1981) sun ƙara da cewa matakan ba a jere suke tafiya ba: marubuci yana iya komawa shiri yana tsakiyar gyara. Graves (1983) kuwa shi ya shigar da ra'in firamare, inda yaro yake zaɓen abin da zai rubuta a kai, malami yana zagayawa yana ganawa da yara ɗaya bayan ɗaya, ana jinkirta gyaran ƙa'idojin rubutu sai a matakin ƙarshe.

A ƙarƙashin wannan duka akwai wani sakamakon bincike da ya girgiza malaman harshe. Braddock da abokan aikinsa (1963) sun tattara binciken da aka yi kafin lokacinsu, suka kammala da cewa koyar da nahawu shi kaɗai, ta hanyar haddar rabe-raben kalmomi da feɗe jimla, ba ya inganta rubutun ɗalibi, yana ma iya cutarwa idan ya cinye lokacin da ya kamata a yi rubutun.

4.0 Inda Tsarin Ya Dace

Babban abin yabo a tsarin Berkeley shi ne sharaɗin cewa malami ya yi rubutu. A kowace sana'a ta Bahaushe wannan ba abin muhawara ba ne. Babu mai kai ɗansa koyon ɗinki wurin wanda bai taɓa riƙe allura ba, kuma maƙeri yana koyar da yaronsa ne a bakin zuga, yaron yana kallon hannunsa. Insha'i ne kaɗai ake bari wanda ya yi shekara goma bai rubuta shafi biyu na kansa ba ya koyar. Malamin da ya zauna ya yi fama da farar takarda, ya soke sakin layi sau uku, ya karanta daftarinsa a gaban abokan aiki ya ji an ce ba a gane abin da yake nufi ba, ya san inda ɗalibi yake maƙalewa. Irin wannan malami ba zai rubuta "ka ƙara ƙoƙari" a gefen takarda ya wuce ba, zai iya cewa jimla ta uku ce ya kamata ta buɗe sakin layin, ya kuma faɗi dalili.

Abu na biyu shi ne mutunta ilimin malami. Horon da ake saukar wa malamai daga sama yakan ƙare ranar da aka raba takardar shaida, saboda mai laccar bai san ajin da za su koma ba. Idan kuwa mai gabatar da dabarar malami ne da ke fama da irin wannan aji, ga kuma takardun ɗalibansa a hannu, musun yana raguwa. Haɗa malamin firamare da na jami'a a ɗaki ɗaya shi ma yana kashe al'adar tura laifi ƙasa, domin kowa yana ganin abin da na gabansa ya karɓa da abin da ya miƙa.

Abu na uku shi ne tsawon lokaci. Mako huɗu na rubutu da gyara kullum yana sauya ɗabi'ar mutum ta hanyar da taron yini biyu ba zai iya ba. Graham da Perin (2007), a nazarin da suka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa a kan ɗaliban aji 4 zuwa 12, sun lura cewa hanyar matakan rubutu ta fi yin tasiri a inda aka horar da malamai a kanta, kuma yawancin horon da suka duba na wannan shiri ne.

5.0 Inda Tsarin Ya Gaza

5.1 Sukar Delpit

Suka mafi nauyi ta fito ne daga Lisa Delpit, malama baƙar fata Ba'amurkiya, a maƙalu biyu da ta buga a mujallar ilimi ta Harvard a 1986 da 1988. Ita kanta an horar da ita a kan sababbin hanyoyin koyarwa, ta kuma yi amfani da su. Abin da ta lura da shi shi ne malamai baƙaƙen fata da dama suna ƙaurace wa shirin, kuma ba a tambayarsu dalili. Dalilin nasu shi ne yaransu ba su rasa abin faɗa ba, ba su kuma rasa fasahar harshe ba. Abin da suka rasa shi ne daidaitaccen Ingilishin da ake buƙata a jarrabawa da wurin neman aiki, wanda ɗan masu hali yake tsotsa a gida tun yana ƙarami. Idan malami ya ce zai bar yaro ya gano ƙa'idojin da kansa ta hanyar yawan rubutu, to wanda ya zo da su daga gida ne zai ci gaba, wanda bai zo da su ba kuwa za a hukunta shi daga baya a kan abin da ba a taɓa gaya masa ba.

Delpit ba ta nemi a koma ga haddar nahawu ba. Abin da ta nema shi ne a faɗa wa yaro ƙa'idojin a fili, a cikin rubutu mai ma'ana, tare da girmama harshen da ya zo da shi daga gida. Wannan suka ta taɓa ginshiƙin shirin kansa. In har malamai ne za su koyar da malamai, to abin da za a koya ya dogara ga waɗanda aka gayyata, kuma muryar da ba ta cikin ɗakin ba za ta shiga manhajar ba.

5.2 Mazhabar Sidni

A cikin shekarun 1980 wasu masana harshe a Ostiraliya, irin su J. R. Martin da Joan Rothery da Frances Christie, waɗanda suka ginu a kan nahawun Halliday, sun duba rubutun yaran firamare suka ga mafi yawansa labarin abin da ya faru da yaro ne da bayyana abin da ya gani. Idan aka bar yaro ya zaɓi abin da zai rubuta, nau'in da ya riga ya sani zai yi ta maimaitawa. Nau'o'in da ake cin jarrabawa da su, ake kuma gudanar da hukuma da su, wato rahoto da bayanin dalili da muhawara, ba sa zuwa da kansu. Saboda haka suka tsara darasi mai zango uku: a feɗe samfurin nau'in tare da ɗalibai a ga sassansa da irin kalmominsa, sannan malami da aji su rubuta wani tare a allo, daga ƙarshe ɗalibi ya rubuta nasa shi kaɗai. Ita ma wannan hanya an soke ta da cewa tana iya zama cike gurbi, inda yaro zai haddace ƙwarangwal ya riƙa zuba kalmomi ba tunani. Duk da haka ta nuna abin da ra'in matakan rubutu ya yi sakaci da shi, wato sanin matakai bai wadatar ba idan marubuci bai san siffar abin da yake ƙerawa ba.

5.3 Abin da Bincike Ya Nuna

Hillocks (1986) ya kwatanta hanyoyin koyarwa, ya gano cewa hanyar da malami yake tsara aiki mai takamaimiyar manufa, ya ba ɗalibai bayanai su yi aiki a kansu a rukuni, ta fi sakin ɗalibi ya yi ta rubutu yadda ya ga dama, nesa ba kusa ba, ta kuma fi lacca. Graham da Perin (2007) sun jera abubuwa 11 masu inganta rubutu. Koyar da dabarun shiri da gyara a fili da koyar da taƙaitawa su ne a sama, kowanne da ma'aunin tasiri 0.82, haɗa gajerun jimloli su zama doguwa yana da 0.50, hanyar matakan rubutu kuwa 0.32. Koyar da nahawu shi kaɗai ya sake fitowa da tasiri maras kyau.

Shirin kansa ma an auna shi. Wani bincike da cibiyar SRI ta kammala a 2012 a kan haɗin gwiwar shirin da makarantu, inda aka bar kowace makaranta da cibiyarta su tsara horon yadda suka so, bai gano wani bambanci na a zo a gani ba a rubutun ɗalibai. Bayan haka shirin ya tsara wani horo mai manufa guda, wato koyar da rubutun muhawara da ake kafa hujja da abin da aka karanta, tare da kayan aiki da ma'aunin duba takardun ɗalibai. An gwada shi a gundumomin karkara 44 a jihohi 10, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kuma sakamakon da aka fitar a 2015 ya nuna ɗaliban malaman da aka horar sun fi takwarorinsu iya kafa hujja da tsara ta. Abin lura a nan shi ne shirin ya yi nasarar da aka iya aunawa ne a lokacin da ya sassauta aƙidarsa ta ƙin tsayar da abin koyarwa. Dabarar da ta burge abokan aiki a ɗakin kwas ba lalle ne ta zama ta amfani ɗalibi ba, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Akwai kuma matsalar gayyata. Kwas ɗin ya fi karɓar malaman da suka riga suka ƙware, da fatan iliminsu zai gangara zuwa ga saura. Sabon malami, wanda shi ya fi buƙatar taimako, yana samun abin ne a hannu na biyu, in ma ya same shi.

6.0 Darasi ga Mai Shirin Koyar da Hausa

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. An gina tsarin Berkeley ne domin harshen da ya daɗe da daidaitacciyar ƙa'ida, wanda yaro yake ganin sa a rubuce ko'ina ya juya. Halin Hausa a makarantun Nijar daban ne. An fara makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida a Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, amma mafi yawan waɗanda suka kai jami'a da Faransanci suka yi dukan rubutunsu na makaranta. Wannan yana sa sharaɗin Gray ya fi nauyi a nan fiye da can: mai shirin koyar da insha'in Hausa yana iya kasancewa bai taɓa rubuta muhawara mai shafi uku da Hausa ba. Don haka duk wani kwas na gaba da digirin farko ya kamata ya fara da sa shi wannan aiki, a kai a kai, tare da rukunin da zai karanta ya yi gyara.

6.1 Kuskure Mai Dalili

Shaughnessy (1977) ta nazarci takardu kusan 4,000 na ɗaliban da suka shiga jami'ar birnin New York bayan an buɗe ƙofarta ga kowa a 1970, ta nuna cewa kurakuransu suna da tsari da dalili, kuma malamin da ya gano dalilin ya fi mai ja da jan biro saurin magance su. Wannan ya dace da takardun ɗaliban Hausa ƙwarai. Ana iya kasa kurakuransu gida uku.

Na farko, tasirin Faransanci. Ɗalibin da ya rubuta "tchikin", "chekara", "djama'a" da "koudi" a maimakon cikin, shekara, jama'a da kuɗi yana bin wata ƙa'ida ce daidai wa daida, irin wadda yake gani a allunan hanya, inda Tawa ta zama Tahoua, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi. Darasi ɗaya da zai jera baƙaƙen harsunan biyu gefe da gefe ya fi gyaran kalma ɗari ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu, tasirin karin harshe. Mai Hausar yamma da ya rubuta "rigas sarki" a maimakon rigar sarki, ko "yaro na" a maimakon yaro ne, abin da kunnensa ya ji ya rubuta. A nan ne maganar Delpit take aiki: a gaya masa a fili cewa karinsa Hausa ce cikakkiya, sannan a nuna masa siffar da aka daidaita domin rubutu, da wuraren da ake buƙatar kowace.

Na uku, raba kalmomi da haɗa su, da kuma baƙaƙe masu lanƙwasa. Bambancin "ba shi" da "bashi", da "ta fi" da "tafi", da "a kan" da "akan", da "kafa" da "ƙafa", ba abu ne da yaro zai gano da kansa ta yawan rubutu ba, musamman da yake rubutun Hausar da yake gani a wayar salula ba ya kiyaye su. An yi aikin daidaita waɗannan ƙa'idoji a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, Nijar kuma ta tsayar da nata a hukumance a 1999. Wajibi ne a koyar da su a fili. Abin da binciken da aka ambata a sama yake nunawa shi ne a koyar da su daga cikin jimlolin da ɗalibai suka rubuta da kansu, maimakon jerin dokoki da za a haddace.

6.2 Yawan Ɗalibai

Ganawar malami da ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, wadda Graves ya ɗora hanyarsa a kai, tana buƙatar ƙaramin aji. A ɗauka malami yana da ɗalibai 80, ya ba kowanne minti biyar: minti 400 ke nan, wato awa shida da minti arba'in a kan daftari ɗaya. Wannan ba mai yiwuwa ba ne. Zango na biyu na mazhabar Sidni, wato rubutun haɗin gwiwa a allo, shi ya fi dacewa da irin wannan aji, domin allo da alli kawai yake buƙata. Misali, aji zai rubuta takardar koke zuwa ga magajin gari a kan rijiyar unguwa da ta lalace. Malami zai tambaya: da me za a fara, gaisuwa ko koken? Wace hujja ce ta fi ƙarfi, nisan da mata suke tafiya ko kuɗin da ake kashewa wurin ƴan garuwa? Ɗalibi ya ba da jimla, a rubuta, wani ya gyara, malami ya goge ya sake a gabansu yana faɗin dalili. A nan ɗalibai 80 sun ga marubuci yana aiki a lokaci guda. Sai dai malamin da ba ya rubutu ba zai iya tsayawa gaban allo ya yi wannan ba, wanda hakan ya sake mai da magana ga sharaɗin Gray.

6.3 Samfuran Rubutu

Feɗe samfuri yana buƙatar samfurin. Zuben Hausa yana da arzikin labari, tun daga littattafan gasar 1933 da Magana Jari Ce har zuwa littattafan da suka fito daga Kano tun tsakiyar shekarun 1980. Samfurin bayani da na muhawara ne suke da wuyar samu a hannun malami, ko da yake akwai su: sharhunan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, da littafin Ikon Allah na East da Imam wanda ya yi bayanin halittu da Hausa, da rahotannin sassan Hausa na gidajen rediyo da ake bugawa a intanet. Tattara irin waɗannan, da tace su bisa ƙa'ida, da rubuta sababbi inda babu, aiki ne da ya dace da ɗaliban digiri na biyu, kuma ya cancanci a karɓe shi a matsayin aikin bincike.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta dubi tsarin horar da malaman rubutu da James Gray ya kafa a Berkeley a 1974. An nuna cewa ya dace a wurare uku: sa malami ya yi rubutu, da mutunta abin da malami ya sani, da ba horo isasshen lokaci. An kuma nuna rauninsa, wato ƙin tsayar da abin da za a koyar, da dogaro ga waɗanda aka gayyata, da kusancinsa da ra'in da ya ɗauka cewa yaro zai tsinci ƙa'idojin rubutu da kansa. Sukar Delpit da aikin mazhabar Sidni da sakamakon gwaje-gwaje duk sun taru a kan cewa ɗalibin da bai gaji daidaitaccen harshe daga gida ba yana buƙatar a koya masa a fili. Kwas ɗin da zai amfani malamin Hausa shi ne wanda zai ɗauki tsarin zaman Berkeley, ya zuba masa abin koyarwa tsayayye, wato nau'o'in rubutu da nazarin kurakurai da dabarun babban aji, sannan ya auna kansa ta hanyar kwatanta takardun ɗalibai na farkon shekara da na ƙarshenta. Kafin a samu irin wannan kwas, ɗalibin da ke shirin shiga aji yana iya fara nasa horon da abu mai sauƙi: duk taken insha'in da zai ba ɗalibai, ya zauna ya rubuta shi da kansa tukuna, a cikin minti arba'in ɗin da zai ba su.